"Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa": wai dole ne sai an sha romon?

Ɗan Wusasa: Salama jama'a. Ana yawan kawo wannan karin maganar a wa'azi, a haɗa ta da Ibrahim, yana da shekara 75 ya bar Haran, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku, shekara 25 kenan yana jira. Tambayata ita ce, ta dace da bangaskiyarmu gaba ɗaya kuwa? Ni dai ina ganin tana yin alkawarin da Allah bai yi wa kowa da kowa ba.

Maman Biyu: Haba ɗana, me ya rage kuma? Yusufu yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Daga rami zuwa gidan Fotifar zuwa kurkuku. In wannan ba romo ba ne to mene ne

Ɗan Wusasa: Gaskiya ne Mama, amma Musa fa? Shekara 40 yana fama da Isra'ilawa a jeji, ƙarshe daga kan dutsen Nebo ya hango ƙasar alkawari, bai taka ta ba. Ibraniyawa 11:13 ma ta ce su Ibrahim dukansu sun mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango.

'Yar Mubi: Ku bari in sa baki don abin ya taɓa ni. A 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi da ƙafa muka gudu, mahaifiyata na riƙe da Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi a ɗaure cikin zani, ba ta ɗauki komai ba sai su, duk inda muka yada zango sai ta kwance ta karanta mana Zabura ko da ba mu ci abinci ba. Mu mun koma gida daga baya amma akwai 'yan'uwa daga Gwoza da suka tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao, wasunsu can suka tsufa can aka binne su, kuma ba wanda zai ce mini mun fi su haƙuri ko addu'a. To in ka ce wa ɗansu mai haƙuri yakan sha romo, me kake so ya ji? cewa babansa bai yi haƙurin da ya isa ba?

Maman Biyu: Allah sarki 'yata. Ubangiji ya ta'azantar da su. Ban kalli ta nan ba gaskiya.

Baba Dattijo: 'Ya'yana, ni abin da nake kallo a maganar shi ne aikin. Wanda ya ɗora dutse a wuta ba zai naɗe hannu ba, sai ya yi ta iza wuta, itace ya ƙare ya shiga daji ya ƙaro. Yusufun da kuka ambata ai bai yi shiru a kurkuku ba, ya roƙi mai shayar da sarki ya tuna da shi a gaban Fir'auna, mutumin ya manta da shi har shekara 2, bai fasa riƙon amana ba. Nehemiya ya yi addu'a ya kuma sa masu gadi dare da rana. Batun romo kuwa, Allah ne mai lokaci, wani a nan zai sha, wani sai a gaban Ubangiji. Mu da ke da begen tashin matattu ba a kabari lissafinmu ke tsayawa ba.

Malamar Zumunta: Baba na gode da kuka faɗi haka, don a Zumuntar Mata abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kenan. Mace ta zo da ido a kumbure miji ya doke ta, sai a ce mata ki yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci, a mayar da ita ba wanda ya kira mijin ya tsawata masa. Wannan zalunci ne, kuma da karin maganar ake rufe mata baki. Bulus da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba ai cewa ya yi sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da shi daga kurkuku.

Ɗan Wusasa: To kenan a daina amfani da ita a wa'azi?

Baba Dattijo: A'a. A san wanda ake faɗa wa. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa yana so ya watsar da karatu, ko manomin da ruwa ya yi masa jinkiri, faɗa musu. Gidan makoki kuwa kar ka kai ta.

'Yar Mubi: Na yarda da na gidan makoki Baba. Amma a bagade fa? Pasto ba ya sanin halin da kowa ya shigo da shi ranar Lahadi, a benci ɗaya za ka samu ɗalibin da gwauruwar suna zaune.

Malamar Zumunta: Sai ya faɗe ta ya kuma karanta Ibraniyawa 11 har ƙarshe, kar ya tsaya a kan waɗanda suka ci nasara kawai, ya kai wajen aya ta 35 zuwa 39 inda aka jejjefi wasu aka kashe wasu da takobi.