Shawarwarin Kiristocin Damagaram kan zama da maƙwabta

Da 'yan'uwa Kirista suka tattauna a Damagaram, maganar maƙwabtaka ce ta fi ɗaukar lokaci. Dattawa suka ce ba a manta da Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona majami'u a garin nan, amma kada tsoro ya sa mu rufe ƙofa. In maƙwabci Musulmi ya aiko da naman layya, a karɓa hannu bibbiyu. Ranar Kirsimeti a aika masa da abinci, naman kuma ya zama yankan Musulmi, don ya ci da kwanciyar hankali. A je suna, a zauna zaman makoki. Wannan shawarar ta fi kwanta mini a rai.

Kan siyasa kuwa, kada fasto ya yi wa kowace jam'iyya talla a majami'a. In saɓani ya taso, a kai wa mai unguwa tun da wuri.