Me za mu kira confirmation bias da Hausa?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata ɗabi'ar tunani da Turawa ke kira confirmation bias, wadda har yau ba mu tsayar mata da suna ɗaya ba. Ina da shawara, amma bari mu fara fahimtar abin tukuna.

A 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Peter Wason, ya ba ɗalibai lambobi uku: 2, 4, 6. Ya ce akwai ƙa'idar da suka bi, a gano ta. Kowa zai kawo nasa lambobin uku, shi kuma ya ce sun dace ko ba su dace ba. Sai ɗalibi ya raya a ransa cewa ƙa'idar ita ce ƙara biyu-biyu. Ya kawo 8, 10, 12, a ce sun dace. Ya kawo 20, 22, 24, a ce sun dace. Shi ke nan, ya bugi ƙirji ya faɗi amsa, a ce masa ba ita ba ce. Ashe ƙa'idar kawai lambobin su riƙa hawa ne, ko 1, 7, 50 ma sun dace. Cikin ɗalibai 29, shida ne kaɗai suka gano a faɗar farko. Sauran ba su gwada abin da zai ƙaryata zatonsu ba, sun yi ta kawo abin da zai gaskata shi ne.

Muna ganin haka kullum a gida. Inna ta yarda jiƙonta ne maganin zazzaɓin yaro. Duk ranar da ya sha ya miƙe tana riƙe da ita a ka. Ranakun da ya sha jikin ya ƙi, har aka kwashe shi zuwa asibiti, sun shafe mata. Kuma wallahi ba ƙarya take yi ba, haka ta tuna.

Wannan ne ya sa ban amince da “son zuciya” ba, ko da yake ita mutane suka fi kawowa. Mai son zuciya ya san gaskiya, ya take ta don wata buƙata tasa. Kalmar zargi ce. Ka ce wa dattijo a majalisa “Baba, wannan son zuciya ne”, zance ya ƙare, sai ban haƙuri. Alhali abin da muke magana a kai yana kama mai gaskiya, yana kama likita da alƙali da malamin zaure, ba tare da sun ankara ba. “Taurin kai” ma ba ta yi ba, don wannan bayan an nuna maka ne ka ƙi. Wani malami daga unguwar Kongo ta Zariya ya kawo “so hana ganin laifi”. Karin maganar ta kusa ƙwarai, sai dai ba ta shiga jimla a matsayin suna, kuma ta fi kama son mutum a kan son ra'ayi.

Shawarata kashi biyu ce. Dangin waɗannan ɗabi'u gaba ɗaya, waɗanda masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka zurfafa bincike a kansu tun shekarun 1970, mu kira su “karkatar tunani”. Ku duba sikelin mai nama a kasuwar Sabon Gari: akwai wanda ya taɓa shi da gangan, akwai kuma wanda sikelinsa ya karkace da kansa, yana ta awo da zuciya ɗaya. Na biyun muke nufi. Ita kuma wannan da muke nema wa suna ta zama “karkatar gaskata kai”, a taƙaice “gaskata kai”.

Za a ce ai tana kama da “yarda da kai”. Ni ina jin bambancin: yarda da kai ƙarfin gwiwa ne, gaskata kai kuwa mutum ne yake ta tara wa kansa shaidun da za su ce yana da gaskiya. Za ta kuma zauna daidai kusa da kalmomin da masu karatun mandiƙi, wato ilimin tsara hujja, a zaurukan cikin birnin Zariya suka daɗe suna amfani da su, irin su hujja da dalili da ƙiyasi.

Abin da ya rage shi ne aikatau, wato yadda za a faɗe ta a matsayin kalmar aiki. “Yana gaskata kansa” ta yi min daidai a baki. Malaman Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da 'yan jarida, ku gwada ta a aji da kan labarai, ku faɗa mana inda ta cije.