Don Allah ya ake bambance fararen zalɓen nan guda biyu?

Salamu alaikum jama'a, masu kallon tsuntsaye ku taimaka min, abin nan ya ishe ni. Fadamar Baturiya wajen Haɗeja nake zuwa, balbela dai ba matsala tunda gajera ce kuma kullum tana bayan shanu, shi ma ƙaramin nan mai baƙin baki da yatsu rawaya ina gane shi. Matsalar manyan biyun ne, babban farin zalɓe da matsakaicin, duk fari fat baki rawaya, in ɗaya ya tsaya shi kaɗai gefen kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ba na kusa da za ka gwada girmansu to wallahi sai dai canki-canka. An ce in duba layin bakin, wai na babban yana zarce ido, na matsakaicin kuma ƙarƙashin ido yake tsayawa. To ni in na jawo hoton a waya duk dishi-dishi yake fitowa. Ba wata alama da ake gani daga nesa, ko lanƙwasar wuya ko yadda suke tashi? Kuma wai da gaske kalar bakin na canzawa lokacin ƙwai?