Rigimar doya a zauren unguwa

Ɗalibin Kimiyya: Wallahi na gaji da ku. Duk wanda ya ji bincikena a kan funfuna ne sai dariya, wai ina karatun ruɓaɓɓen burodi. To ku sani, a 1952 masanan kamfanin Upjohn a Amurka, Peterson da Murray, suka gano funfunar Rhizopus tana liƙa wa sinadarin furojestaron oksijin a daidai gurbi na 11 na jikinsa, matakin da ake buƙata don mayar da shi maganin kotizon, aikin da ya daɗe yana ba masana wuya. Da haka kotizon, maganin kumburi da ciwon gaɓɓai, ya yi araha. Kafin nan daga ruwan matsarmamar shanu ake haɗa shi, mataki sama da 30. Shi furojestaron ɗin kuwa daga doyar daji ta Meziko ake samo shi a lokacin.

Baba Mai Magani: Alhamdu lillahi. Yau ɗan boko da bakinsa ya ce magani na cikin doya.

Ɗalibin Kimiyya: Baba, doyar daji na ce, ba ta sakwara ba.

Baba Mai Magani: Yaro, doya doya ce. Tun kafin a haife ka muke ba masu ciwon gaɓɓai saiwa.

Anti Famasi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma jikin mutum ba ya mayar da diyosjenin, wato sinadarin doyar dajin da ake yin furojestaron da shi, ya zama kotizon. Ko buhu ka cinye, sai dai ka ƙoshi.

Ɗan Kasuwar Doya: Anti, kar ki ɓata mana kasuwa. Doyar Binuwai ta fi ta Meziko, ko a gwada.

Hajiya Mai Daddawa: Mu da ke ruɓar da kalwa tun kakanni ba wanda ya ba mu digiri.

Anti Famasi: Hajiya, bakteriya ce ke yin daddawa, ba funfuna ba.

Hajiya Mai Daddawa: Wato daddawata ƙwayar cuta ce? Mijinki ma ita yake sha a miya.

Ɗan Kasuwar Doya: Hajiya ta gama magana!

Ɗalibin Kimiyya: Jama'a, maganar funfunar fa?

Shugaban Zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: Turawa sun tabbatar da maganin iyayenmu, Baba ya yi gaskiya. Anti ta ba Hajiya haƙuri kafin Magariba. Kai kuma ɗalibi, ka rage dogon rubutu, data tsada take.