Na canza matakan ƙafa zuwa riyaset, fitilar birki ta daina kamawa

Mai Ninja 400: Salamu alaikum 'yan uwa. Na sa wa babur ɗina Ninja 400 riyaset, wato matakan ƙafa irin na tsere da ke zama sama da baya, saboda matakan da ya zo da su suna gogar ƙasa in na kwanta a kwana, to bayan an ɗaura sai muka ga babu inda za a maƙala suwicin fitilar birkin baya, wancan mai sifirin da fedal ke ja. Yanzu in na taka birkin ƙafa danja ba ta haskawa sai in na matse na hannu. Wasu sun ce in sa suwic na banjo, wato wanda ake ɗaurawa a madadin kusar tiyon birki, mai aiki da matsin man birki, wasu sun ce a ƙera ɗan ƙarfe a mayar da na asali. Mashin ɗin mai ABS ne, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, kuma a titi nake hawa ba filin tsere ba. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Sarkin Kwana: Sa na banjo kawai ka huta, minti goma ne aikin.

Tsohon Makaniki: Wa alaikumus salam. Minti goma a ina? Da zarar ka kwance wannan kusar da ta riƙe tiyo a kan masta, famfon da fedal ke turawa, iska ta shiga, dole a yi bilidin a fitar da ita. Kuma kafin ka saya ka duba tiredin kusar, domin akwai iri biyu da a ido kamarsu ɗaya: M10x1.25 shi ne akasari a mastocin Nissin na baburan Japan, M10x1.0 kuma yawanci a na Brembo. In ka tilasta wanda ba nasa ba, mastar alminiyam ce, tiredin zai cinye shi ke nan. Ka cire tsohuwar kusar ka gwada su gefe da gefe. Washa ta jan ƙarfe guda biyu sababbi, ɗaya sama da bakin tiyo ɗaya ƙasa, kada ka maida tsofaffin.

Mai Bakin R6: Ni kam da na ji an ce riyaset sai raina ya ɓaci. Wani makaniki na kai wa ya ɗaura min, ya gama ya ce komai lafiya lau, fedal kuwa tauri kamar dutse har ina murna birki ya yi kyau. Ashe ya ɗaure sandar da ke tura fistan na masta ne har ƙarshe bai bar mata wasa ko kaɗan ba, to ɗan ramin da mai ke komawa tanki ya toshe. Ina cikin tafiya mai ya yi zafi ya kumbura babu hanyar komawa, fad ya kama faifai, ina ƙara wuta mashin na ƙara nauyi ni ban gane ba sai da na ji ƙauri. Da na tsaya faifan baya har ya canza kala ya yi shuɗi-shuɗi, taya ba ta juyawa sam, ga ni a gefen babbar hanya manyan motoci na wucewa. Faifai ya lanƙwashe, fad ya ƙone, robobin kalifa sun tafi. Na koma wajensa ya ce wai ni ne nake ɗora ƙafa a kan fedal ina tafiya. Wallahi har yau abin yana ci min rai, ba kuɗin ba ma, musun da ya yi min a gaban yaransa.

Direban Dare: Subhanallahi, Allah ya tsare gaba. Ya biya ka kuwa?

Mai Bakin R6: Ina fa. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Sarkin Kwana: Ai shi ya sa nake cewa a sayi riyaset mai kyau irin Woodcraft ko Vortex ko Gilles, ba waɗannan marasa suna ba.

Mai Bakin R6: Malam ba ka karanta ba ne? Laifin seti ne ba laifin ƙarfe ba, ko wanne ka saya in ba a bar wasa a sandar ba haka zai yi.

Mai Ninja 400: Na gode Baba, sannu kuma mai R6, zan duba wasan nawa yau. Amma maganar ABS fa, bilidin ɗin zai yiwu a gida? Kuma wayoyin suwicin banjon biyu wacce ke zuwa ina?

Mai Wayarin: Wayoyin ba su da gaba da baya, suwic ne kawai yake haɗa layi, duk yadda ka juya su daidai ne. Abin da nake roƙon mutane shi ne kada a yanke wayar jikin mashin. Ka zare tsohon suwic daga soket ɗinsa, ka yanke wayar ta ɓangaren suwicin, ka jona sabon a wannan guntun da soda da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, sai ka mayar a soket. Salatif kaɗai ba ya ɗaukar ruwa da zafi. Ka fara ɗaure banjon kafin ka jona, in ba haka ba waya za ta murɗe tana bin sifana ta tsinke daga gindi. Sannan ka nisanta ta da salansa da sarƙa, na sha ganin wadda ta narke ta taɓa bodi tana ƙona fis. Suwicin kansa ba shi da tsada, bai kai kuɗin man birkin da za ka zuba ba.

Direban Dare: Bai kai kuɗin mai ba? Nawa ya ninka kuɗin gwangwanin man birki DOT 4 sau uku.

Mai Wayarin: To an yi maka tsada.

Direban Dare: Ko kuma naka ne mai arhar da ke fara yoyo ta wajen wayar. Biyu na gani haka a mashinan abokaina, shi ya sa ni na koma na sifirin, na sa an lanƙwasa min ɗan falle aka huda aka ɗaure a bayan farantin riyaset. Kuma ga abin da ba a faɗa: na sifirin kana iya saita shi ya kama da zarar ka taɓa fedal, shi kuwa na banjo sai matsi ya taru, in ka ɗan taɓa birki a hankali na bayanka ba zai ga komai ba. Mai hawa titi ya yi tunanin wannan.

Ɗan Autan Gareji: Ni shawarata ka ɗauki yaro a baya da jan ƙyalle, kana taka birki yana ɗagawa 😂

Tsohon Makaniki: Kai yaro ana maganar rai kana wasa. Maganar Direban Dare gaskiya ce. Batun ABS kuma, in ba ka bari tankin mai ya ƙafe ba kuma ka yi aikin da hanzari, bilidin na yau da kullum daga kalifa yakan isa, amma in iska ta kai cikin famfon ABS ɗin sai an kai wa mai na'ura. Ka rufe fenti da tsumma, man birki cin fenti yake yi. Kusoshin riyaset kuma ka ɗiga musu Loctite shuɗi, gam ɗin da ke hana kusa kwancewa.

Sarkin Kwana: Baba da girmanka, amma ku kun saba da baburan da ne masu birkin ganga. Ni a kan nawa na yi, ba labari nake ji ba.

Tsohon Makaniki: Ɗana, tun kafin ka fara hawa nake bilidin. Kai da ka ce minti goma, ka canza washa kuwa?

Mai Bakin R6: Ku bar wannan, ni abin da ke ƙona min rai masu sayarwar ne, a hoto za ka ga suwic da sifirin da komai an rubuta ɗaura ka hau, kaya su iso babu suwic babu takardar bayani, kusa ɗaya ma gajera. Ka yi musu magana su ce ai na tsere ne ba a buƙatar fitila.

Direban Dare: Nawa sandar giya ce ta zo ba ta kai ba, kuma gefe ɗaya tiredin hagu ne, nemo irinta ya fi ɗaura riyaset ɗin wahala. Da na nemi su canza suka ce sai na mayar da duka kwalin da kuɗina.

Mai Ninja 400: Ni ma nawa babu takarda ko ɗaya a ciki. To yanzu dai banjo ko sifirin? Mai Wayarin da Direban Dare kun bar ni a tsakiya, mashin kuma yana ajiye don ba zan hau titi ba danja ba.

Ɗan Autan Gareji: Direban Dare turo hoton fallen nan naka mu gani, kaurin mili nawa ne?