Yaya za mu tsara gasar keken tsallake shinge a Sakkwato?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da 'yar ƙungiyar matasa a Mabera da ke wasan hawa duwatsu, tsofaffin tayoyi da gungumen itace da keke ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Ba gudu ake gwadawa ba, iya riƙe keke ne. Duk taɓa ƙasa maki 1 ne na laifi, 5 ne iyaka a kowane sashe na filin gasar, mai ƙarancin maki shi ya ci.

A wajen alƙalanci muka cije. Kowane sashe yana son mai lura, mu kuwa duk mai lura abokin wani ɗan wasa ne, sai gardama ta tashi kan ko feda ce ta jingina da dutse ko ƙafa ce ta sauka. Ina ake samo alƙalan da ba ruwansu da kowa, alhali ba mu da kuɗin sallamarsu?

Mahalarta ma raguwa suke yi. Ƙanana suna tsoron karawa da manya, iyaye kuma ganganci suke gani, kuma ban ga laifinsu ba tunda hular kwano ta yi mana ƙaranci. Mu raba rukuni da shekaru ne ko da ƙwarewa? Sannan da zafin Afrilu, bayan Asuba ya fi ko bayan La'asar?

Don Allah wanda ya taɓa shirya irin wannan ya ba mu shawara.