Sunan Meyer: abin da masu bin salsala suka ce

Masu bin salsala sun tattauna kan asalin sunan Meyer na Jamusawa, ga abin da aka tsaya a kai. Sunan ya fito daga kalmar Latin "maior", wato babba. A da Meier, wato Meyer a wani rubutun, shi ne wakilin da ke kula da gandun mai ƙasa, yana tattara masa haraji da amfanin gona. Daga baya sunan ya koma kan manomin da ke riƙe da babbar gona ta haya.

An fi jan kunne kan rubutun sunan. Meyer da Meier sun fi yawa a arewacin Jamus, Maier da Mayer kuma a kudu, wajen Bavariya. Amma kada a dogara da hakan, don limamin coci yakan rubuta sunan mutum ɗaya iri biyu, yadda kunnensa ya ji. Akwai kuma Yahudawan da nasu Meyer daga sunan Ibrananci Meir yake, babu ruwansa da gandu.

Shawarar da ta fi gamsar da ni: a fara gano ƙauyen kakanni kafin komai. Rajistar haihuwa da aure ta gwamnati ba ta game Jamus duka ba sai 1876. Kafin nan sai littattafan coci, waɗanda da yawansu suka salwanta a Yaƙin Shekara Talatin (1618 zuwa 1648). Masu sayar da "tambarin gidan Meyer" kuwa, an ce a yi watsi da su: sunan ɗaya ne, gidajen daban-daban.